Abin da Badamasi Ya Rufe a Cikin Inji

Badamasi ma'aikacin ma'aikatar ayyuka ne, kuma irin mutanen nan ne da suke ganin duk abin da bakanike ya iya, mai digiri ya fi shi iyawa. Da motarsa 'yar Kwatano ta fara yoyon baƙin mai ta gefen murfin inji, sai ya sayo sabon gaskit, robar da ake shimfiɗawa tsakanin murfin da kan injin, ya ce shi zai canza abinsa a tsakar gidansa na Karu.

Ranar Asabar bayan la'asar ya kwance notocin, ya ɗage murfin, ya kankare tsohuwar robar da ta bushe. Yana cikin goge bakin ƙarfen aka kira magariba. Matarsa Hansatu, wadda ko kofin ruwa ba ta bari a buɗe idan rana ta faɗi, ta ce ya yi bisimilla ya rufa wa injin ko tsumma ne kafin ya tafi masallaci. Ya yi dariya ya ce ai ba tukunyar miya ba ce. Haka ya bar shi baki buɗe, da sauran ɗuminsa.

Da ya dawo ya ɗora gaskit, ya shafa gam a kusurwoyi, ya mayar da murfi, ya ɗaure notoci daga tsakiya zuwa gefe. Sannan ya tayar da motar, ya bar ta tana ruri minti goma yana haska fitila. Ko ɗigo babu. Ya shiga ɗaki yana jin kansa.

Washegari da faɗuwar rana dutse na farko ya sauka a kan bonet. Na biyu ya bi, na uku, kuma babu kowa a bayan katanga. Sai tsakar gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi. A cikin shirun nan suka ji wata siririyar murya daga wajen motar, kamar kukan jariri a cikin randa.

A daidai lokacin 'yarsu ɗaya tilo, Mashkura, mai shekara tara, ta yanke jiki ta faɗi. Jikinta ya yi zafi, numfashinta na warin baƙin mai, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu tana cewa a buɗe mata. An kai ta asibiti, an yi gwaji, ba a ga komai ba. Kwana uku motar na ajiye, duwatsu na zuwa kowace magariba, yarinyar na ƙara lafkewa. Tsoro ya kama Badamasi irin wanda bai taɓa sani ba, ya tari mota ya ɗauko Malam Badaruddeen, mai ruƙiyya, daga Ushafa.

Malam ya zauna a gefen tabarma ya yi ta karatu a hankali. Can Mashkura ta tashi zaune, ta yi magana da muryar babbar mace.

"Ɗana ya shiga injin jin ɗumi. Mutumin nan ya bar ƙofa buɗe, bai yi bisimilla ba, bai ce gafara ba, ya zo ya liƙe shi da gam."

Malam ya ce wa aljanar kuskure ne, kuma yarinyar ba ta da laifi. Ta ce nata ɗan ma ba shi da laifi. Aka yi ta ja, yana tuna mata Allah, tana kuka da bakin Mashkura, har ta yarda za ta fita ba za ta dawo ba idan an buɗe. Amma ta kafe a kan sharaɗi guda.

"Yadda na sami nawa, haka zai sami tasa."

Malam ya juyo ya dubi Badamasi. "Kafin in amsa mata, Alhaji, ka tayar da injin nan bayan ka rufe?"

Badamasi ya tuna minti goman nan, da rurin da ya tsaya yana saurare yana murmushi. Hansatu na kallonsa. Kunya da tsoro suka haɗu a kansa, ya girgiza kai alamar a'a. Malam ya amsa sharaɗin.

Badamasi ya kwance notocin, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfin. Iska mai zafi ta wuce ta gefen fuskarsa. A cikin murfin, kan baƙin man da ya kwanta, akwai sawun ƙananan yatsu birjik, duk sun bi gefe suna neman hanya.

A ɗaki Mashkura ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce tana jin yunwa. Hansatu ta fashe da kukan murna. Tun daga ranar dutse bai sake faɗowa a gidan ba.

Da safe Badamasi ya fito ya tarar da 'yarsa zaune a bakin ƙofa tana shan koko, ta ba shi baya. Ya kira sunanta a hankali. Ya sake kira da ƙarfi. Ya matsa har bayanta ya tafa hannu dab da kunnenta.

Mashkura ta ci gaba da shan kokonta.