Muryar Baba a Wayar Inna

"Sake faɗa, Nu'uman... ban ji da kyau ba."

Saurayin nawa ya gyara zama a kujerar ofishina da ke Ƙofar Marusa yana murmushi, wai shi a dole ya yi abin kirki. Ya ce eh, shi ya haɗa muryar. Saƙonnin muryar da marigayi Baba ya riƙa turo min ina makarantar lauyoyi, waɗanda na tura wa Nu'uman wata rana da kewa ta ishe ni, su ya zuba a manhajar ƙirƙirarriyar basira. Ta haddace muryar, shi kuma ya rubuta mata abin da za ta faɗa. Sai ga Baba da ke kwance a kabari yana cewa ya ba Nu'uman aurena, kada wanda ya hana.

Nu'uman ya tura wa Inna, ya ce a tsohuwar wayarsa ya gano saƙon, Baba ya aiko masa daga gadon asibiti. Baffa Almu, ƙanin Baba kuma waliyyina, wanda ya daɗe yana cewa danna kwamfutar da Nu'uman ke yi ba sana'a ba ce, yana ji ya share hawaye ya ce a zo sa rana ranar Asabar.

Abin da ya fi ƙona min rai, ni ma na yi kuka da na ji. Ni Barista Safara'u, da aikina ke nan, maka masu satar hoto da muryar mutane a kotu. Sai da hankalina ya dawo na tsare Nu'uman da tambayar me ya sa saƙon bai fito ba sai yanzu, shi ne ya saki baki.

"Don ke na yi, sahibata. Wa aka cuta? Mamaci dai ba ya kai ƙara."

"'Yarsa na kaiwa," na ce.

Nan fa fuskarsa ta canza. Ya ce dama girman kai ya yi min yawa, shi yana ta wahala a kaina ni ina karanto masa doka. Na ce wanda ya iya sa ubana ƙarya yana kabari, me zai sa ni faɗa ran da muka ɓata? Muryata ai ta cika wayarsa. Ya miƙe ya ɗauki makullin mashin ɗinsa, ya ce in na isa in je in gaya wa Inna, matar da kullum bayan asuba sai ta kunna saƙon nan kafin ta karya.

Wallahi ina son Nu'uman. Shi ya tsaya min lokacin zaman makoki, shi ke kai Inna asibiti. Da na ja bakina na yi shiru, Asabar na zuwa shi ke nan, babu mai sani har abada. Na zauna a mota a ƙofar gidanmu na Ƙofar 'Yandaka har la'asar ta yi, na kasa fita.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar wake, wayar na kan cinyarta. Baffa Almu na kan kujera, ya zo maganar goro da alawar sa rana. Ko gaisuwar ban ƙarasa ba na durƙusa na faɗa musu komai.

Baffa ya yi salati, sannan ya juyo kaina. Ya ce wa ya ba yaron muryar in ba ni ba? Karatun me na yi da zan ɗauki amanar ubana in miƙa wa saurayi? Ya rantse ko bayan ransa bai yarda a ba Nu'uman 'yar gidan nan ba, ya buga takalminsa ya fita. Ban kare kaina ba, gaskiya ya faɗa.

Inna ta ture farantin waken, ta daɗe tana kallon wayar.

"Wato babanki bai ce komai ba?"

"Bai ce ba, Inna..."

"Har inda ya ce a gaishe ni, in yi haƙuri?"

Na ɗaga mata kai, har nan ma ba shi ba ne.

Ta miƙo min wayar da hannu biyu. "Goge shi. Ni ba zan iya ba."

Na goge. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta fashe da irin kukan da ta yi ran da aka fita da gawar Baba.