Muryar da Aka Bari a Tsamiya

Iliyasu ɗan Malam Balarabe yana da jita, burinsa kuma ya haɗa mata akwatin ƙara sauti da hannunsa. Ya tara 'yan kwalaben lantarki na cikin tsohuwar rediyo da wayoyi da lasifika. Bai gama ba ya shiga soja, yaƙin basasa ya ci shi.

Bayan shekaru uban ya zauna a zaurensa na Birnin Kudu yana narka dalma, yana ƙarasa abin da ɗansa ya fara. Ran da ya gama, magariba ta kawo jiki. Ya jona batir, kwalaben suka yi ja kamar garwashi, akwatin ya hau gurnani ƙasa-ƙasa. Kaji suka yi tsit. Dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, wani ya biyo shi, ba a ga mai jifa ba.

Barira, autarsa, ta saki ƙwaryar hannunta, ta juyo ta ce, "Baba, ka gama?"

Muryar Iliyasu ce ta fito daga bakinta.

Haka aka riƙa yi kullum magariba. Barira ta daina cin abinci, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Balarabe kuwa, abin da bai gaya wa kowa ba, jiran magaribar yake yi.

Matarsa A'i ta gaji da kuka, ta aika garin Kwandiko aka zo da Malam Abdulsalami, masanin irin wannan lalura. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta fara karkarwa.

"Kai wane ne?" in ji Malam.

"Ba Iliyasu ba ne," in ji muryar. "A tsamiyar bayan gidan nan nake. A gindinta yake zama yana kaɗa jita ina saurare. Da ya tafi na riƙe muryarsa, ita kaɗai ta rage mini."

"Yarinyar nan ƙarewa take. Ka ji tsoron Allah, ka fita."

"Zan fita in maigidan ya ce. Amma ya sani, da muryar zan tafi."

Kowa ya dubi Balarabe. Ya dubi siraran hannuwan 'yarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Ƙara kirana," ya ce wa muryar.

"Baba."

"Na'am. Jeka. Na sallame ka."

Barira ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce yunwa take ji. A'i ta rugo da kunu. Balarabe ne ya riƙe mata ludayin, yana ba ta a baki.