Kuskuren da Sharhabilu Ya Gani

Ana idar da la'asar Sharhabilu ya hau benensu na rukunin gidajen 220 Logements a unguwar Adjamé, ƙurar buhunan shinkafa har a girarsa. Ya tarar da matarsa Ummul-Khairi zaune a tabarma, takardu sun kewaye ta, 'yarsu Firdausi na barci a cinyarta.

"Sannu da zuwa, Abban Firdausi. Ga aceken rogo da kifi can a rufe. Amma ka taimaka ka duba mini babi na uku na kundina tukuna, kada ƙoshi ya rufe maka ido."

Ya yi 'yar dariya, ya karɓi takardun.

A jami'a suka haɗu, a sashen lissafi. Tare suka yi DEA, karatun share fage da ake yi kafin a karɓi mutum a digirin dokta, kuma shi ya zo na ɗaya. Ana cikin murnar aurensu mahaifinsa ya rasu, ya bar masa siton shinkafa a bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville da ƙanne a makaranta. Sharhabilu ya ce zai riƙe siton na shekara guda ya koma aji. Shekara ta haifi 'yan'uwanta, bai koma ba. Ita kuwa ta ci gaba. Ta samu farfesan da zai kula da bincikenta, aka amince da batun da ta zaɓa, ta buga maƙala a mujallar masana kamar yadda aka shardanta. Saura a aika kundinta ga malamai biyu na waje su yi rahoto a kai, sannan a sa ranar sutenans, ranar da za ta tsaya gaban alƙalai ta kare aikinta. Har wata jami'a a Faransa ta yi mata tayin aikin bincike idan ta kammala kafin damina ta wuce.

To, a ranar nan, kafin ya dawo gida, Sharhabilu ya biya ta gidan mahaifiyarsa, Hajiya Balaraba, ya tarar da yayarsa Lami a can.

"Ga mijin Dokta nan," in ji Yaya Lami. "An ce Faransa za ta. Kai za ka bi ta da goyo, ko a nan za a bar ka da buhuna?"

"Yaya, ki bar wannan magana."

Hajiya ta ajiye carbinta. "Ba wasa take yi ba. Kai ka bar karatu don ka rufa mana asiri, ita ta hau ta kanka ta wuce. Ranar da ta ɗauke mini jika ta ƙetare teku, ka zo ka gaya mini amfanin dokta."

Maganar ta biyo shi cikin gbaka, motar haya, har Adjamé.

Yanzu ga shi da babi na uku a hannu. Yana cikin karantawa ya tsaya. A tsakiyar wata hujja ta ɗauka cewa jerin lambobin nan duk wuri ɗaya suke dosa, ba ta tabbatar ba, kuma akwai yanayin da hakan ba ya faruwa. Ɗan ƙaramin rami ne, amma sauran babin duk a kansa aka gina. Ita ta saba da layin har ba ta ganinsa, farfesanta kuma aiki ya yi masa yawa. Shi kuwa kallo biyu ya ishe shi.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji muryar Yaya Lami a kunnensa. Ya ce a ransa, 'yan watanni ne kawai za a jinkirta, aikin Faransa ya wuce, kowa ya huta.

"Yaya ka gani?" ta tambaya.

"Ba matsala. Ya yi kyau."

Ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Tunda kai ka ce haka, gobe zan miƙa."

Abincin nan bai san ɗanɗanonsa ba.

Ran Juma'a suka je Treichville gaishe da mahaifinta, Malam Inusa, dattijon da ya baro Nijar tun yana saurayi yana fataucin goro. Ciwon ƙirji ya rage shi sosai, amma da ya ji an miƙa kundi sai ya tashi zaune.

"Ni ban san abin da ake cewa a cikinsa ba," in ji shi, "amma zan je in zauna a layin gaba. Allah dai ya nuna mini ranar. Kai kuma Sharhabilu, Allah ya yi maka albarka. Ba kowane namiji ke riƙe wa mace fitila ba."

Sharhabilu ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Rahoto ya dawo bayan wata biyu. Ɗaya daga cikin malaman ya gano ramin, ya ce ba za a yi sutenans ba sai an gyara an sake aikowa. Gyaran bai ci wa Ummul-Khairi mako uku ba. Amma kafin ta gama, farfesanta ya tafi ƙasar waje aikin shekara guda, alƙalan da aka haɗa suka watse, daga baya kuma yajin aiki ya rufe jami'a. Aikin Faransa ya wuce, kamar yadda Sharhabilu ya so. Abin da bai lissafa ba shi ne Malam Inusa. Wata biyu bayan ranar da ya kamata a ce an yi sutenans ɗin, Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar arba'in, wata safiya Sharhabilu ya same ta a kicin, ruwan shayi na tafasa ba ta sani ba, hawaye na zuba.

"Ni na jawo," ta ce. "Da na ƙara dubawa sau ɗaya, da Baba ya gani. Layi ɗaya fa, Abban Firdausi. Kai ma da ka fi ni ido ba ka gani ba, amma ni aikina ne."

Ya zauna a ƙasa.

"Na gani, Ummu."

Ta juyo.

"Tun ranar na gani. Na yi shiru."

Ya gaya mata komai, bai rage ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta sauke tukunya, ta goge fuska.

"Da ka ce mini ba ka son tafiyar, wallahi da na zauna. Ban taɓa amsa wa 'yan Faransa ba, shawararka nake jira. Amma ka dube ni ka ce ya yi kyau."

Kafin azahar ta goya Firdausi ta tafi gidansu.

Kwanaki suka ja. Sharhabilu ya rame, yana sito yana ƙirga buhu yana mantawa. Da Hajiya Balaraba ta matsa masa da tambaya, ya faɗa mata.

Hajiya ta yi salati. "Ni na ce ka yi haka?"

"Ba ki ce ba, Hajiya. Zuciyata ce. Kun dai taɓa inda yake mini ciwo, ni kuma na rama a kan wadda ba ta yi mini komai ba."

Tsohuwa ta miƙe tsaye. Ta ce wa Lami ta ɗauko mata mayafi, kuma ta sa nata.

Da kanta ta je biko. Bayan ta yi wa mahaifiyar Ummul-Khairi gaisuwa, ta juya ga surukarta.

"'Yar nan, tsoro ne ya sa ni magana. Na rasa miji, na ji kamar zan rasa ɗa da jika. Ban san maganar uwa tana da nauyi haka ba. Laifinsa nasa ne, amma ni na ba shi wuƙar. Ki yafe mana."

Yaya Lami ta kasa ɗaga ido. Ummul-Khairi ta fashe da kuka.

"Hajiya, na yafe. Amma ba zan ɓoye miki ba, raina bai huce ba."

"Ba a ce ya huce yau ba. Ki dawo ɗakinki, ya huce a can."

Ta dawo. Zaman farko da nauyi, gaisuwa ce kawai sai abin da ya zama dole. Sharhabilu bai nemi a gaggauta masa ba. Shi ke kai Firdausi makaranta, shi ke zaryar ofisoshin jami'a yana bin takardar izinin sake rajistarta daga tebur zuwa tebur. Ita kuma ta yi haƙurin da ya fi na farko wuya: ta sake rajista, ta jira dawowar farfesa, ta sake jiran rahoto. Wata rana tana rubutu ta miƙa masa takarda ba tare da ta dube shi ba.

"Duba wannan."

Ya duba, ya nuna mata wurin da alama ta juye. Ta gyara. Daga ranar aka fara hira a gidan.

An yi sutenans a shekara ta 2008. Ta tsaya gaban allo ta amsa tambayoyi har alƙalai suka gamsu, suka shiga shawara, suka fito suka kira ta Dokta da yabo mafi girma. Hajiya Balaraba ce ta fara rangaɗa guɗa. A shekarar ne kuma jami'ar ta ɗauke ta koyarwa.

Da aka watse, Sharhabilu ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa matsowa. Ita ta zo ta same shi.

"Ba za ka yi mini barka ba?"

"Barka, Dokta. Kunya ce ta hana ni."

"Na sani. Zo mu tafi gida."

Haƙuri ya biya Ummul-Khairi, ta samu digirinta, ta riƙe aurenta. Amma akwai abin da yafiya ba ta mayarwa, kuma Sharhabilu ya zauna da wannan har tsufansa. Duk saurayin da ya zo masa da ƙorafin mata ko na dangi, amsarsa ɗaya ce: abin da ke cin ranka, ka faɗa wa matarka da bakinka tun yana ƙarami, ko da zai zama faɗa. Faɗa ana yinsa a shirya kafin magariba. Shi shirun da ya yi na minti ɗaya, wani bawan Allah ne ya biya, kuma ba shi da inda zai je ya ba shi haƙuri.