Kwamin Alakos da Siga ta Biyar

Ranar da Huda ta fara aiki a wani ƙaramin biro, wato ofishin zanen gine-gine da ke Gure, ba fuskar Uwaisu ta fara kallo ba, fuskar ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, ta kalla. Zane ɗaya, suna barkatai: "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "wallahi na ƙarshe".

Dariya ta kuɓuce mata. "Malam, wanne ne na ƙarshen?"

Uwaisu, dogon injiniya ɗan makiyayan Alakos, ya ɗago kai. Yana ganinta ya kasa ɗauke ido. "Sai wanda kika zaɓa," in ji shi.

Cikin mako biyu Huda ta kimtsa biron. Ta buɗe musu ma'ajiya guda a na'ura, ta sa mata suna rumbu. Duk wanda ya gyara zane sai ya mayar da shi can, rumbu ya rubuta sunansa da rana da lambar siga, tsohon kuma ba ya ɓata. Ta nuna musu babban zane kamar uwa yake, ƴaƴansa na rataye da shi: zanen fayif daban, na gini daban. Doka ɗaya ta kafa, kullum tana nanatawa: kafin ka buga takarda, jawo sabbin ƴaƴa daga rumbu, in ba haka ba uwa za ta fito da tsofaffin da ke cikin na'urarka.

Uwaisu ya riƙe dokar, ya riƙe mai dokar ma. Saƙonninsa ba sa yankewa:

"Hudata, yau na mayar da komai rumbu. Zuciyata ce kaɗai ban ga inda aka ajiye ba. Duba mini wajenki."

"Tana nan," ta amsa, "na kulle ta. Ba mai taɓawa sai ni."

Mahaifinta, Malam Barmo, magini ne da ya shekara talatin ba a taɓa rushe masa ko bulo ɗaya ba, kuma da wannan yake tinƙaho. Shi aka ba ginin kwamin shayar da dabbobi a sabuwar rijiyar Alakos, biron su Huda kuma ya yi zanen. Makiyaya suka roƙi a nisanta kwamin daga tankin ruwa don kada raƙuma su riƙa turereniya. Uwaisu ya mayar da tazarar mita talatin, ya ajiye siga ta bakwai a rumbu.

Amma takardar da ta isa hannun Malam Barmo mita goma ta nuna. A mita goma ya gina, gini mai kyau kuwa. Da masu shimfiɗa fayif suka iso da tasu takardar, sai ga bakin fayif can, kwami nan. Dole aka sa guduma. Dattijon yana tsaye, makiyaya na kallo, aka farfasa aikinsa.

"Wa ya ba ni wannan takarda?" ya tambaya.

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Baba."

Saura kwana tara kawunnansa su zo nema masa auren Huda. Malam Barmo ya aika musu kada su wahalar da kansu. "Yaron da bai san tazarar mita goma da talatin ba, shi zan danƙa wa ƴata? Ga Tanimu ɗan ƙanena nan, shekara biyu yana jira."

Huda ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Haushin Uwaisu ma take ji, don sau nawa ta faɗa masa dokar? Ranar Litinin da safe ta buɗe tarihin rumbu, da niyyar nuna masa inda ya yi sakaci.

Rumbu ba ya ƙarya, ba ya kara. Siga ta bakwai na nan, Uwaisu ya ajiye ta tun ranar Asabar. Takardar kuwa ranar Talata aka buga, da siga ta biyar, sunan mai bugawa kuma Huda. Nan take ta tuna: ranar ce wuta ke ta ɗaukewa, ta yi sauri ta buga ba ta jawo sabo ba. Ita mai dokar!

Ta rubuta wa Uwaisu: "Ka sani tun farko?"

"Na sani, hasken idona. Gara Baba ya ji haushina da ya ji kunya saboda ke."

"To ka yi kuskure, masoyi. Ni ba zan shiga gidanka a kan ƙarya ba, ba zan rasa ka a kan ƙarya ba. Ka zo gidanmu da la'asar."

Malam Barmo na zaune a zaure yana gyara igiyar awo. Huda ta durƙusa, ta buɗe ordinater a gabansa. Uwaisu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ga ranar da ya gyara zanen, ga sunansa. Ga ranar da aka buga takardarka, ga sunana. Ni na sa aka rushe maka gini. Ka yafe mini."

Dattijon bai iya karanta rubutun boko sosai ba, amma sunan ƴarsa ya sani, shi ya raɗa mata. Ya daɗe yana kallon allon. Abin ya yi masa zafi, ba a ɓoye ba.

"Wannan abin ba a goge shi?" ya tambaya.

"Ba a gogewa, Baba."

"Kuma da kin yi shiru ba zan taɓa sani ba."

Ya juya ga Uwaisu. "Kai, shigo! Ku Fulani dai ba ku da dama. Mutane na gudun nasu laifin, kai kana kwasar na wani?"

"Baba, Huda ba wani ba ce a wurina."

Malam Barmo ya kawar da kai, ya share ido da hannun riga. "Ka ce wa kawunnanka su zo Juma'a. Amma da sharaɗi: duk takardar da za ta zo hannuna, ku biyu za ku duba ta."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Makiyayan Alakos suka cika unguwa da ƙoren nono, kwaminsu na can a mita talatin, raƙuma na sha ba turereniya. Malam Barmo da kansa ya gina wa amarya ɗaki, da zanen da ita da angonta suka sa wa hannu. Da ya gama, ya dafa bangon ya ce, "Wannan kam ba mai sa masa guduma. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai gaskiya irin taku."

Jama'a suka amsa da amin, Huda kuwa a cikin lulluɓi tana hawaye tana murmushi.