Gilashi Mai Lamba Hamsin

Ana tsakiyar walimar saukar Alƙur'ani a gidan Malam Sama'ilu, a wani ƙauye da ke bayan Bagwai, Raudatu mai hoto ta buɗe kwalin sabon gilashin kyamararta, ta tarar da gwangwanin madara a ciki an naɗe shi da tsumma.

Sufeto Mika'ilu yana ƙofar gida a kan tabarma. Ba aiki ne ya kawo shi ba, 'yar ƙanwarsa ce ke cikin masu saukar. Ya wanke hannu ke nan an ajiye masa waina da miyar taushe, sai hayaniya ta tashi. Kafin ya miƙe har samari sun riƙe Sha'aban, ɗan acaɓan da ya kawo Raudatu, sun zare makullin babur ɗinsa, wani ya yaga masa aljihun riga. Da ƙyar Sufeto ya ƙwace shi, ya shigar da shi zaure, ya ce a kira masa mai kayan. Wainar kuwa bai sake ganinta ba.

Raudatu ta fito da kwalin a hannu, idanunta sun yi ja. Tambaya ɗaya ya yi mata, me aka ɗauka, sai ta faro masa daga tushe. Aikinta ɗaukar hoton mata ne a cikin ɗakuna, wuraren suna da kamu da walima, inda haske bai cika isa ba. Gilashin da ya zo da kyamarar yana zuƙo abu daga nesa, amma ƙofarsa ƙarama ce, ba ya shan haske. In ta kunna filasha fuskoki su yi ta ƙyalli kamar an shafa musu man gyaɗa, jarirai su tsala kuka. Shi ya sa ta je Kano wurin wani mai shago, aminin mijinta, ya ba ta guda biyu bisa amana ta gwada, ta riƙe ɗaya ta mayar da ɗaya. Dukkansu masu faɗin ƙofa ne, kuma ba sa zuƙowa, a tsaye suke. Mai lamba talatin da biyar yana kwashe ɗaki da mutanen ciki. Mai lamba hamsin ya fi fito da fuska, ya narkar da abin da ke baya, amma wurin da yake kamawa kaɗan ne, sai mutum ya yi ta ja da baya.

"Malama, wanne aka sace?"

"Mai hamsin ɗin. Ka ga shi in ɗakin ƙarami ne..."

"Na ji. Yaushe rabonki da shi?"

"Da safen nan ma yana cikin jaka."

"Gilashin kika gani, ko kwalin?"

Ta dubi abin da ke hannunta. Can ta ce kwalin. Gilashin kansa tun farkon mako rabon da ta fito da shi.

Ya tambayi wanda ya san tana da shi, nan ma ransa ya ƙara ɓaci. Ashe tun da ta dawo daga Kano ta kasa zaɓa, ba wanda ba ta nemi shawararsa ba. Ta tambayi mijinta, ta tambayi mai yi wa amare kwalliya, har matar liman ta leƙa ta cikin gilasan biyu ta faɗi nata ra'ayin. Da ya matsa mata, suka tsaya a kan mutum uku da jakar ta taɓa zama a wurinsu: Sha'aban, da wani mai bidiyo Najib, da Malam Tasi'u mai shagon hoto na bakin kasuwa.

Na Sha'aban bai ɗauki lokaci ba. Damina ce, hanyar ƙauyen duk taɓo, jakar tana kan tankin babur, Raudatu tana bayansa tana kallo. Sufeto ya tara samarin ya ce wani ya fito ya nuna masa yadda ake zuge jaka, a buɗe kwali, a naɗe gwangwani, a mayar, hannu biyu na kan kan babur. Ba wanda ya fito. Ya mayar wa Sha'aban makullinsa. Amma hakan bai wanke shi a idon gari ba. Washegari ba wanda ya hau babur ɗinsa, mata suna riƙe jakunkunansu in sun zo wucewa ta tasha. Kullum da safe Sufeto zai tarar da shi zaune a kan bencin ofis, Sha'aban ya gaishe shi ya ci gaba da zamansa. Wannan zaman ya fi ƙorafi damun Sufeto.

Najib ya zo daga Rijiyar Zaki a motarsa, rabin maganarsa Turanci. A bayan motarsa Raudatu ta ajiye jaka ranar wani biki. Bai jira tambaya ba ya fara bayyana cewa tun farko kuskure ta yi, irin kyamararta tana matse hoto, hamsin a kanta ya zama kamar saba'in da wani abu, shi da ta ji shawararsa da talatin da biyar ta ɗauka ta huta. Sufeto ya dafe goshi ya bar shi ya gaji don kansa. Sannan ya miƙa masa gilashin da ya rage ya ce ya ɗaura a tasa kyamarar. Najib ya yi dariya ya ce ai ba zai shiga ba, ba kamfani ɗaya ba ne, bakinsu daban. Sufeto ya ce ya gwada dai. Aka gwada, bai shiga ba. Saura zancen ko ya ɗauka ne don ya sayar. Ana cikin wannan Raudatu ta tuna cewa a ranar makullin motar a hannunta ya wuni, don nan take zuwa canja batir.

"Kuma sai yanzu kike faɗa?"

"Ba ka tambaye ni ba, Yallaɓai."

Malam Tasi'u ne ya rage, shi kuwa Raudatu ta ce ko da wasa kar a je masa da wannan magana. Shi ya koya mata riƙe kyamara, shi ya zaɓa mata irin tasa. Jakar ma cajin batir ne ya sa ta bar ta a shagonsa ta tafi wurin tela. Sufeto ya je duk da haka. Ya tarar da dattijo mai furfura a gemu, zaune gaban labule mai zanen bene da furanni. Tasi'u bai nuna ɓacin rai ba. Ya ɗauko kyamararsa ya murɗa gilashinta, hancin ya fito ya koma.

"Ka ga wannan? Ina tsaye wuri ɗaya zan ɗauko maka liman a kan mumbari. Gilashin da ba ya zuƙowa ko kyauta aka ba ni ban da wurin ajiye shi. Na faɗa mata, yaran yanzu ba sa ji."

Da kansa ya buɗe durowa da akwatuna ya ce a duba. Ba a sami komai ba. Gwangwanin madara kuwa, mai shayi na jikin shagon, irinsa sun fi a ƙirga a bayan teburinsa.

Magana ta tsaya. Mai shagon Kano ya fara bugo waya, da farko da gaisuwa, daga baya babu. Ya ce ya sanar da abokan sana'arsa, ba wanda aka kai wa. Mijin Raudatu ya ce ta ajiye kyamara sai an ga ƙarshen abin, ta fasa ayyukan da ta karɓa. Sufeto kuwa ya kai ga in ya rufe ido lambobi yake gani, talatin da biyar da hamsin.

Ranar kasuwa da hantsi wata tsohuwa, Inna Barira, ta shigo ofis tana dogara sanda, ta ce ƙara ta kawo. An yi sunan jikanta, Raudatu ta ce ba za ta samu zuwa ba, sai aka kira Tasi'u, tunda ɗan gida ne. Shi ne ya kifar mata da tukunyar kunun kanwa guda, ya ƙona wa surukarta ƙafa, ko sannu ta kirki bai yi ba. Sufeto ya ce Inna wannan ai maganar mai unguwa ce. Ta ce ba inda za ta. Ta zauna ta ci gaba.

"Ni abin da ya ɗaure mini kai, ɗan nan, tun auren 'ya'yana Tasi'u ke mana hoto. Tsayawa yake kamar turke, ya yi ta murɗa hancin abin nan. Ran nan kuwa sai gaba sai baya, kamar rago zai yi karo. Tun daga cikin ɗaki yake ja da baya har ya fita ƙofa ya faɗa kan kunu."

Sufeto ya ajiye biron da ke hannunsa.

"Ya kunna wutar nan mai walƙiya?"

"Ko sau ɗaya. Yaron ma bai farka ba. Hoton dai kam ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba."

Ta kwance bakin zane ta fito da guda ɗaya da ya wanko mata. Fuskar jaririn ta fito tar, har gashin girarsa ana gani. Kwanukan jeren da ke bayansa kuwa sun narke, sai launi kawai.

Da azahar Sufeto ya tara su a ɗakin Inna Barira: Tasi'u da kyamararsa, Raudatu, da Sha'aban a bakin ƙofa. Ɗakin ƙasa ne mai ƙaramar taga ɗaya, ga hadari ya haɗo. Aka kwantar da jaririn inda aka kwantar da shi ranar suna. Sufeto ya miƙa wa Tasi'u hoton.

"Kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne."

"Da wane gilashi?"

"Nawa mana. Wani gare ni?"

"To sake ɗauko mini irinsa. Ban da filasha."

Tasi'u ya tsaya, ya murɗa, ya danna. Hoton ya fito baƙi. Ya taɓa wasu maɓallai ya sake, ya fito da haske amma ya yi dishi-dishi, hannun jaririn ya zama inuwa. Ya sake, wannan karon duk ya yi tsakuwa-tsakuwa, ga kwanukan jere a baya ana iya ƙirga su. Ya ce ranar akwai rana. Inna Barira ta ce ƙarya ne, ruwa aka wuni yi, shi ya sa ma aka matso da kunun bakin ƙofa.

Sufeto ya ce ya isa haka. Ya ce tun ranar walima ya san ba ɓarawon hanya ba ne, don wanda ya samu dama ya fizga ba ya tsayawa neman gwangwanin da ya yi daidai da kwali. Wanda ya yi wannan ya taɓa riƙe gilashin, ya san nauyinsa, kuma ya samu zama shi kaɗai da jakar. Ba a kai shi kasuwa ba, ke nan amfani ake so a yi da shi, kuma duk yankin kyamara biyu ce yake shiga, ta Raudatu da ta wanda ya zaɓa mata irin tasa.

"Abin da ya hana ni kama ka, ban ga abin da za ka yi da shi ba, ga shi kana ta kushe shi. Sai Inna ta zo. Mai gilashin da ke zuƙowa ba ya ja da baya, Malam Tasi'u, murɗawa yake. Kai ka nuna mini haka a shagonka."

Tasi'u ya ajiye kyamararsa. Sannan ya zauna a bakin gado, ya ce gilashin yana bukkar gonarsa, cikin tulu. Ya ce ranar da ta bar jakar ɗaurawa kawai ya yi don ya gani, ya ɗauki hoton mai shayi ta cikin ƙofa, abin da ya fito ya hana shi mayarwa. Aikin mata duk ya koma wurinta, shi sai hoton katin makaranta. Ya yi niyyar ya yi aiki biyu ko uku da shi ya san yadda zai mayar.

"Da ka tambaye ni ai da na ara maka," in ji Raudatu.

"In tambaye ki? Ni?"

Sufeto ya ce wannan su ƙarasa a ofis. Ya nuna bakin ƙofa ya ce ga wanda aka yaga wa riga, aka hana shi abincinsa, Tasi'u yana ji yana gani bai ce uffan ba. Kafin a je ko'ina sai an bi ta tasha, ya faɗa da bakinsa a gaban 'yan acaɓa da fasinjoji. Haka aka yi. Sha'aban bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tayar da babur ɗinsa, wata mata da buhun albasa ta hau, suka tafi.

Aka ɗauko gilashin daga cikin tulu, naɗe a hula. Raudatu ta karɓa da hannu biyu, ta ce alhamdu lillahi, gobe za ta mayar da shi Kano, don a kwanakin nan da ta zauna a gida ta gama yanke shawara, ɗakunan ƙauye ƙanana ne, talatin da biyar za ta riƙe. Ta juya shi wajen haske tana dubawa, sai ta tsaya. Gefen bakinsa ya lotsa inda ya bugi tukunya, kunu ya bushe a cikin zoben da ake murɗawa.

Sufeto ya buga wa mai shagon waya ya kwatanta masa. Mutumin ya ce kayan da ya lotsa ba ya komawa kanta, wanda ke hannunta ya zama nata, lafiyayyen, mai talatin da biyar, za ta dawo masa da shi. Tasi'u ya ɗauki nauyin gyara a rubuce, Inna Barira ta ce a rubuta har da tukunyarta da maganin ƙafar surukarta.

Raudatu ta bi Sufeto har bakin mota.

"Yallaɓai, to yanzu in na shiga ƙaramin ɗaki da wannan, yaya zan yi?"

Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna.

"Ki ja da baya, Malama. Amma ki riƙa waiwayawa."