Darakta Ba Kujera

Ranar da ta fara ganinsa, yana tsugune yana ɗaure kwalaye a kamfanin ƙera ƙafar roba. Sati biyu ke nan da rushe kamfanin, har an cire allon ƙofa.

"Ƙafar babana na zo karɓa," ta ce. "An ce kun watse."

Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Kamfani ne ya watse, malama, daraktoci kam da sauranmu. Duk aikin da muka karɓa sai mun sauke shi."

Shi ne ƙarami cikin daraktoci uku. Manyan biyu na son a sayar da injuna kowa ya kama gabansa, shi kuwa ya ƙi sa hannu sai an sallami mutum goma sha ɗaya da ke jira. Tun tana rako babanta gwaji har hira ta yi tsawo. Ta laƙaba masa Darakta Ba Kujera, shi yana ce mata Alƙaliyata.

Wata rana ta kawo ƙawarta da ta rasa ƙafa a hatsari. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai karɓi aikin ba. Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba.

Sai ga saƙo: "Alƙaliyata, ikon da ya rage mini na rufewa ne, ba na karɓar sabon aiki ba. In na karɓa, na ci amanar masu jira. Na samo mata wani gwani, gobe zai auna ta. Na yi kewar faɗanki."

Ta mayar masa da amsa: "Faɗan na nan, na ajiye maka."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta ta ce atafau. "Mutumin da ko aikin yi ba shi da shi? Ga ɗan yayata da albashinsa!"

Baban ya gyara zama. "Na ga yadda yake rabuwa da abin da ya mutu a hannunsa, bai gudu ba. Ina ga wadda yake so?"

Uwar ta yi kwanaki tana juya maganar, sannan ta ce a kira shi su gaisa.

Daraktan ya sallami mutum na goma sha ɗaya, ya miƙa takardun rufewa, aka ɗaura aure a watan. Ɗaki ɗaya suka kama, da kayan aikinsa a lungu.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," in ji uwar, tana share hawaye. "Kai kuma, ɗana, a nemo kujera."