Kunun da Inna Ta Ba Ramlat

A tsakar gidansu da ke wani ƙauye kusa da Shanono, Inna ta dubi surukarta Ramlat, wadda cikinta ya tsufa, fuskarta ta cika ta yi faɗi kamar faifai.

"Wannan ai ƙibar hutu ce! Wa ya ce ciwo?"

Ikrima, ɗan Inna kuma mijin Ramlat, bai yi musu ba, ko da yake likita ya bayyana masa cewa wani sinadari mai suna kotisol ne ya yi wa matarsa yawa a jiki, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya kaurara mata wuya. Da tiyata za a ciro jaririn, kuma an gindaya sharaɗin kada ta ci komai kafin aikin.

Da safiyar ranar, a wani asibiti a Kano, ya tarar da Inna tana ɓoye kofi a jaka, Ramlat na goge baki.

"Kunun gyaɗa ne kawai," in ji ta. "Mai ciki ta shiga hannun masu wuƙa da yunwa? Sai bayan raina! Kai kuwa ka kama bakinka."

Ba a jima ba likitar allurar barci ta shigo.

"Malama Ramlat, kin ci wani abu?"

"Ko ruwa ba ta sha ba," Inna ta amsa.

Ramlat ta sunkuyar da kai. Ina ita ina ƙaryata uwar miji? Ikrima ya dubi likitar. Tunda yake bai taɓa musa wa Inna a gaban baƙo ba.

"Dokta, ta sha kunu, har da sukari. Inna, ki gafarce ni."

"Ni za ka tona wa asiri, Ikrima?"

"Mama," in ji likitar a hankali, "allurar kashe zafi ta baya muka shirya, amma idan ta ƙi kamawa dole mu sa ta barci. Wuyanta ya yi kauri, bututun numfashi zai yi wuyar shiga, kunun nan kuma sai ya kwarara huhu."

Aka ɗage aikin zuwa bayan azahar, aka daidaita sukarin. Ikrima ya yi haƙuri yana ta addu'a. Allurar ta kama. Ramlat idonta biyu ta ji kukan ɗanta.

Inna ta rungumi jikanta tana hawaye, ta dubi Ikrima.

"Alhamdulillahi! Da ka bi maganata yau, da ni na hallaka su da hannuna. Allah Ya yi maka albarka."

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma gaskiyar da rai ya rataya a kanta ba a binne ta don kunya.